Na ƙara waya ta biyu tsakanin suwic biyu, sai komai ya tsaya cik

Tambaya: Ina kula da wata ƙaramar cibiyar adana bayanai. Suwic biyu ne, wato na'urorin da ke haɗa kwamfutoci ta waya, a haɗe da waya ɗaya mai gudun gigabit 10. Na ƙara ta biyu don gudun ya ninka, amma ko minti ɗaya ba a yi ba sabobi, wato manyan kwamfutocin da ke riƙe da bayanan, suka daina amsawa, fitilun ƙofofin duk suka riƙa ƙiftawa ba ƙaƙƙautawa. Da na zare ta komai ya dawo daidai. Ko wayar ce ta lalace?

Amsa: Malam, wayarka lafiyarta lau. Zobe ka ƙulla ba ka sani ba.

Idan wata na'ura ta yi shela, misali saƙon ARP na neman lambar MAC (lambar shaidar na'ura a kan layi) ta maƙwabciyarta, suwic yakan tura shi ta kowace ƙofa ban da wadda ya shigo. To ga hanya biyu: na farko ya tura ta wannan waya, na biyu ya maido ta waccan, haka dai ake ta yi. Ƙunshin IP yana da lambar wa'adi, TTL, da kowace rauta (na'urar da ke haɗa cibiya da cibiya) ke ragewa har ya mutu, amma suwic ba ya taɓa ta, shi kuma ƙunshin Ethernet, wanda suwic ke aiki da shi, ba shi da irinta. Saƙon ba ya mutuwa, sababbi kuma suna ta shigowa, har layin ya cika maƙil. Teburin MAC, inda suwic ke rubuta ƙofar da kowace na'ura take, shi ma ya rikice, don yana ganin saba ɗaya yanzu a wannan ƙofa, an jima a waccan.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne STP, tsarin da ke hana zobe tsakanin suwic, bai tare shi ba. Radia Perlman ce ta ƙirƙiro tsarin a 1985, ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta mai da shi ƙa'idar 802.1D a 1990, kuma aikinsa ke nan. Suwic suna musayar saƙon STP da ake kira BPDU kowane daƙiƙa 2, da sun gane akwai zobe sai su toshe ƙofa ɗaya. Ina kyautata zaton wani ya kashe shi, ko ya sa matatar da ke hana BPDU wucewa a waɗannan ƙofofin. Fara dubawa daga nan, ka kunna RSTP, STP mai sauri, wato 802.1w na 2001, don tsohon yakan ci daƙiƙa 30 zuwa 50 kafin ya buɗe hanya.

Sai dai ko STP na aiki, wayarka ta biyu zaman jiran ko-ta-kwana kawai za ta yi. Abin da kake nema LACP ne, wanda ke ɗaure wayoyin su zama ƙofa guda. Ka saita ɓangarorin biyu tun kafin ka soka wayar, gudu iri ɗaya, jerin VLAN (ƙananan cibiyoyin da aka raba a cikin suwic) iri ɗaya. A na'urorin Cisco, umarnin shi ne channel-group 1 mode active a kan kowace ƙofar. Kada ka yi mamaki in ka kwafi babban fayil daga wata saba zuwa wata ka ga bai wuce gigabit 10 ba. Kowace hira tsakanin na'urori biyu waya ɗaya take bi, sai hirarraki sun yi yawa ake cin moriyar gigabit 20 ɗin.

Akwai kuma batun shugaba: STP yakan zaɓi suwic ɗaya ya zama shugaba, wanda ya fi ƙaramar lambar fifiko. Lambar fifiko ta asali 32768 ce, idan an yi kunnen doki mai ƙaramar lambar MAC ke ci, kuma sau da yawa tsohon suwic ne da ya kusa ritaya. Ka ba babban suwic ɗinka 4096, ka sa kariyar BPDU, mai rufe ƙofa da zarar BPDU ya shigo ta cikinta, a ƙofofin sabobi.

Ranar aikin ka shiga suwic ta wayar konsol da ke haɗa shi da kwamfutarka kai tsaye, don in zoben ya sake ƙulluwa shiga daga nesa ta SSH ba za ta kai ka ko'ina ba. In komai ya zauna, ka buga copy running-config startup-config don adana saitin kafin ka tashi daga kujera.