Yaya zan yi wa masu tsananta mana addu'a?

'Yar'uwa, kin ce tun da aka ƙone cocinku kika dawo Agege, bakinki ya kasa yi wa maharan addu'a. Sannu, abin da ciwo.

Amma a Matiyu 5:44 Yesu umarni ya bayar mu yi wa masu tsananta mana addu'a, bai ce sai zuciya ta huce ba. Ki tuna Istifanas, mai bin Yesu: ana jifansa yana roƙon kada a ɗora musu zunubin, Shawulu na tsaye yana goyon bayan kisan. Shawulun nan ne Ubangiji ya tare a hanyar Dimashƙu, ya zama manzo Bulus.

Ki fara da roƙa wa maharan tuba, ko da hawaye. Hakan bai hana neman hakkinku a kotu ba. Ki nemi matan zumunta na coci ku durƙusa tare.