Amsa ga ɗan'uwan da ke jiran Type R ɗinsa daga Amurka

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce ka biya kuɗin Honda Civic Type R ƙirar 2019 daga Amurka, yau mako bakwai ke nan, ejan ɗinka kullum maganarsa ɗaya ce, wai tana kan ruwa. Kana tambaya yaushe za ka sa rai, kuma in ta sauka Legas ka sa direba ya koro ta Katsina ko kuwa ka je da kanka. Na yi irin wannan jiran a 2023, tawa ƙirar 2018 ce, fara, tana nan a hannuna har yanzu. Bari in faɗa maka yadda tawa ta kasance, musamman ƙarshen jiran, don a nan na yi asara.

Mako bakwai bai kai na tashin hankali ba. Na biya kuɗi a ƙarshen watan Afrilu, amma sai da aka yi mako uku kafin takardar mallakar motar ta fito, kuma kwastan na Amurka ba sa barin mota ta fita ƙasarsu sai da ainihin wannan takarda. Daga nan aka ɗora ta a tirela zuwa tashar Baltimore, ta zauna jiran jirgi. Tafiyar ruwan kanta wajen wata guda ta ɗauka, domin jirgin yana tsayawa yana sauke kaya a wasu tashoshin Afirka ta Yamma kafin ya iso Legas. Sai dai kar ka tsaya a kan "tana kan ruwa". Ka ce ya turo maka takardar lodin jirgi, wadda 'yan fito ke ce wa BL. A jikinta za ka ga sunan jirgin da lambar shasin motarka, haruffa da lambobi 17. Ta wannan ƙirar tana farawa da SHH, saboda a garin Swindon na Ingila aka ƙera su duka, har waɗanda aka sayar a Amurka, kafin a rufe masana'antar a 2021. In ka sami sunan jirgi, ka sa shi a MarineTraffic, manhajar bin diddigin jiragen ruwa, a wayarka, za ka riƙa ganin inda yake. Idan ejan ya fara kewaye-kewaye kan wannan takarda bayan mako bakwai, to nan ne za ka miƙe tsaye.

Sannan ka ware kuɗin fito da rara a kai, kar ka taɓa su. Ni jirgina ya iso dab da Babbar Sallah, a watan Yuni na 2023, daidai lokacin da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Farashin dalar da kwastan ke lissafi da shi ya tashi daga naira 422 zuwa sama da 770 cikin 'yan makonni. Lissafin da na yi a Afrilu ya rushe, ga hutun Sallah ya shigo, ga kuɗin ajiya na tasha yana hawa kullum. Sai da na sayar da wata Corolla da nake hawa kafin na cike. Ba laifin kowa ba ne, amma da na ajiye rara da ban kwana uku ina buga wa 'yan'uwa waya ba.

Yanzu ga tambayarka ta biyu, wadda ita ce ta sa na zauna rubuta wannan.

Motar ta fito daga tasha a tsakiyar Yuli. Ejan ya ce mai tirelar ɗaukar motoci da ke zuwa Kano bai cika lodi ba, sai nan da kwana biyar ko shida. Ya kuma ce akwai wani direba da ya saba koro motoci Arewa, gobe da asuba zai taso, jibi tana ƙofar gidana. A lokacin na kusa wata uku ina jira. Na riga na yi Sallah babu ita, abokai a majalisa kullum sai sun tambaya, hoton da aka turo mini daga tasha na buɗe shi ya fi sau ɗari. Yayana ya ce mini, "Kai da ka jira wata uku, kwana shida ne za su gagare ka?" Ban ji ba. Na ce a ba direban makulli.

Ta iso da la'asar ranar kwana na uku. Tun kafin ta tsaya na ji ƙauri, irin ƙaurin kulocin da aka gallaza wa. Na durƙusa gefen tayar gaba ta dama, na shafa gefenta, sai na ji ƙullutu kamar ƙwan kaza ya kumburo. Rim ɗin ya lotse daga ciki, na bayansa ma haka. Leɓen robar da ke ƙarƙashin bambar gaba ya tsage, an ɗaure shi da waya. Direban bai ɓoye mini komai ba. Ya ce ruwa ake yi tun daga Ibadan, ramuka duk sun cika da ruwa, ba ka gane zurfinsu sai ka faɗa. A cunkoson manyan motoci kuma ya yi awoyi yana tafiya da rabin kuloci. Mutumin kirki ne, kuma ya iya tuƙi, sai dai abin da ya saba korowa Camry ce da Sienna da Highlander, masu taya mai kauri da giyar otomatik. Wannan kuwa giyar hannu ce mai shida, babu ma otomatik a ƙirar gaba ɗaya, kuma tayarta 245/30 ce a kan rim mai inci 20. Kaurin gefen tayar bai fi faɗin yatsu huɗu ba. Ramin da Golf ɗin haya ta Katsina zuwa Kano za ta faɗa ta fita fasinja bai farka ba, ita wannan rim zai ci mata. Ga shi ba ta zuwa da safaya, sai ɗan famfo da ruwan liƙe huji a but.

Na zaga masu taya daga Ƙofar Ƙaura har hanyar Jibiya, babu mai wannan lamba. Na aika Ƙofar Ruwa a Kano, aka ce sai dai a nemo daga Legas. Motar da na ƙi jira wa kwana shida ta yi mako biyar a ƙarƙashin rumfa a gidana, ina fitowa masallaci da asuba ina kallonta. Sauri ya haifi nawa, kamar yadda iyayenmu ke faɗa, kuma kuɗin gyaran ya ninka na tirela sau da yawa. Don haka amsata ita ce, ka ɗora ta a tirela. Ko da Kano za a sauke maka ita, ka je ka karɓa da rana, ka biyo ta Bichi da Tsanyawa da Kankiya a hankali. Kilomita 170 ne ko kusa da haka, hanyar da ka sani. Ka ce a ɗauki bidiyonta ta kowane gefe kafin a ɗora ta, har da ƙarƙashin bamba da lambar kilomita a dashbod, kuma a sa katako a bakin matakalar tirela, domin hancinta a ƙasa yake, a wurin hawan ma yana iya gogewa. Kai ma kanka ban ba ka shawarar ka koro ta daga Legas ba. Ba ka san motar ba tukuna, ba ka san abin da zaman watanni ya yi wa batir da birki ba, ga maganar tsaro a hanya, wadda mu mutanen Katsina ba sai an yi mana bayani ba.

Tunda jira ya zama dole, ga abin da zan yi da shi da ni ne kai. Ka fara neman rim mai inci 18 da taya mai kaurin gefe tun yanzu. Ni abin da na koma ke nan, kuma tun daga nan ban sake lotsa rim ba. Ka lura, ramukan noti nata 5x120 ne, wato ramuka biyar a kan da'ira mai faɗin milimita 120, ba irin na sauran Civic da ke gari ba, kuma birkin Brembo na gaba babba ne, ba kowane rim ke shiga ba. Kar ka biya sai mai sayarwa ya tabbatar maka an gwada irinsa a wannan ƙirar. Ka sayi baƙin mai 0W-20 na gaske da filta daga wurin da ka amince da shi, a juye ranar da ta iso, don ba ka san abin da ke cikin injin ba. Ka kuma duba gangaren ƙofar gidanka. Nawa sai da na kira birkila ya sassauta shi.

Fetur shi ne abin da zai riƙa damunka har kullum. Injin lita 2.0 ne mai turbo, ƙarfin doki 306 a ƙirar Amurka, kuma fetur mai babbar lambar oktan, wato ma'aunin ingancin fetur, yake so. Ni na tsayar da gidan mai ɗaya da na ga motar ta fi jin daɗin mansa, ban kuma taɓa zuba mata na bumburutu ba. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Katsina ke wuce digiri 40, za ka ji ta rage kuzari da rana. Kwamfutarta ce ke ja da baya don kare injin. Kar ka matsa mata totur a babbar giya tana tafiya a hankali, ka sauko giya tukuna. Wani abu kuma da ba wanda ya gaya mini: kan giyarta na ƙarfen alminiyon ne, in ka bar ta a rana bayan sallar Juma'a ba ka iya kama shi. Ni hula ta tsohuwa nake kifa masa.

Ka nemi bakaniken da ke da na'urar karanta kwamfutar mota, kuma wanda ba ya jin kunyar ce maka bai san abu ba. Nawa matashi ne, ranar farko ya ce mini, "Alhaji, wannan ban taɓa buɗe irinta ba, ka bar ni in karanta tukuna." Shi ya sa na riƙe shi.

Game da tuƙinta, ka tuna tayun gaba ne ke ja, su ne ke juyawa, kuma mafi yawan aikin birki a kansu yake. Honda sun yi wa gabanta tsari na musamman don kada sitiyari ya riƙa fizge hannu in ka taka, kuma a kan kwalta mai kyau lallai ba ta fizga. Amma inda yashi ya kwanta a bakin kwana, kamar yadda yake yi mana da rani, in ka shigo da gudu ka taka mai, hancinta waje zai nufa komai juyin da ka yi wa sitiyari. Ya taɓa faruwa da ni sau ɗaya a wani shataletale, gabana ya faɗi sosai, domin akwai mai adaidaita a gefe. Ka rage gudu kafin kwana, ka taka bayan ka miƙe. Tayun gaba kuma za su riga na baya cinyewa nesa ba kusa ba, ka riƙa musanya su. In ka tayar da ita a tsarin tuƙi na Sport take farawa, ka mayar da ita tsarin Comfort mai laushi a cikin gari, ƙashin bayanka zai huta a kan tudun rage gudu.

A 2017 wannan ƙirar ta zagaye filin tseren Nürburgring na Jamus cikin minti 7 da daƙiƙa 43.8, ta kafa tarihi a motocin da ke ja da gaba, kuma takan kai kilomita 272 a awa. Yara za su tambaye ka wannan a duk inda ka tsaya, wasu har su ce ka nuna musu. Ina roƙonka kar ka biye musu. A filin can babu shanu, babu ɗan acaɓa da ke fitowa daga gona, babu almajiri da zai tsallaka a guje. Hanyar Daura ta Mashi duk akwai su. Ni daɗin da nake ji da ita a giya ta uku ne da ta huɗu, da sassafe bayan gari ya waye, ina tafiya ƙasa da ɗari, ina jin yadda giyar ke faɗawa gurbinta kamar an auna.

Ka turo mini sunan jirgin ta saƙo in ka samu, mu duba tare. Ina da rim ɗaya mai inci 20 da ya tsira lafiya da tayarsa, yana ajiye a sito, in ta iso ka zo ka ɗauka ka riƙe kafin naka su zo. Allah shi kawo ta lafiya, shi tsare ka da ita.