A gyara tsohon filin besbol ko a gina sabo?

Malam, ka tambaya ko gyara ya fi ko rushewa. Kada fenti da kujeru su ruɗe ka, kankare ne alƙali. A sa injiniya ya huda benayen 'yan kallo ya ciro samfur, a auna gishirin da ya shige shi. Ruwa na bi ta mahaɗar kankare ya kai ga rodi, rodin ya yi tsatsa ya kumbura, sai kankaren ya tsage yana zubowa ɓawo-ɓawo. In ɓarnar a saman bene ta tsaya, a faskare, a cike, a shimfiɗa abin hana ruwa. In ta ci ginshiƙai, gyara na iya zama asarar kuɗi.

Sai batun lokaci. A Amurka aikin yakan takure tsakanin Nuwamba da Maris, lokacin da ba a kakar wasa, shi ya sa gyaran Wrigley Field, filin besbol na Chicago da aka gina a 1914, ya ɗauki daga 2014 zuwa 2019. 'Yan ƙungiyar Yankees ta New York kuwa sun gyara nasu a 1974 da 1975, duk da haka suka koma sabo a 2009. Matsatsin hanyoyin 'yan kallo da rashin wurin masu keken guragu ba sa gyaruwa da arha, don sai an taɓa ginshiƙai.