Hukuncin Ƙera Ɗan Jirgin Yaƙi da Kwali da Gwangwani

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, ni malamin sakandare ne a wani ƙauye na ƙasar Ringim. Ina da ƙane ɗan shekara 17 wanda Allah Ya hore wa hannu. Tun yana yaro yake ƙera motar kara da ta langa-langa, yanzu kuma ya koma jirgin sama. Bayan girbi ya zauna ya ƙera ɗan ƙaramin jirgin yaƙin Ingila na zamanin yaƙin Hitila, wanda ake kira Hurricane, da kwali da gwangwanin madara da totuwar kara, yana duba hotuna a wayata yana aunawa da rula. Har farfela da tayoyi da bakin bindigogi ya yi masa. Baffanmu da ya gan shi a ɗakina sai ya ce gunki ne tunda yana da inuwa, mala'iku ba za su shiga ba, a ƙona shi. Yaron dai ya ɓoye shi a rumbu. Kuma yana so ya sassaƙa ɗan matuƙi ya zaunar a ciki, ya zana bakin kifi mai haƙora a hancin wani, sannan ya yi na Jamus da tambarinsa. Akwai mai shagon da ya ce zai saya. Mene ne hukunci?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Ɗana, ka ce wa yaron ya fito da jirginsa daga rumbu kafin gara da ɓeraye su yi masa hukuncin da shari'a ba ta yi masa ba. Ƙera jirgin halas ne, ajiye shi a ɗaki halas ne, sayar da shi halas ne. Inda ake da magana shi ne 'yan ƙananan abubuwan da yake son ƙarawa, kuma ba hukuncinsu ɗaya ba.

Baffanku bai ƙagi maganarsa ba. Hadisin da ya dogara da shi ingantacce ne, Buhari da Muslim sun ruwaito shi daga Abu Ɗalha, cewa mala'iku ba sa shiga gidan da yake da kare ko sura. Maganar inuwa ma daga littattafanmu ya jiyo ta. Sai dai ya ɗauki sharaɗi guda ya bar sauran. Malamanmu na Malikiyya, a wajen sharhin Muhtasar Halil a babin walima, sun bayyana cewa surar da aka haramta ita ce wadda ta haɗa abubuwa: ta zama ta abu mai rai, mutum ko dabba, ta zama mai jiki wanda yake da inuwa, ta kuma zama cikakkiya, ba a tauye mata gaɓar da ba a rayuwa sai da ita ba. Inuwa tana shiga lissafi ne bayan an tabbatar abin mai rai ake kwaikwaya. In da inuwa kaɗai ce ma'auni, to da turmi da akushi da allon almajiri duk sun shiga uku.

Dalilin wannan a fili yake. Wani mutum ya zo wa Abdullahi ɗan Abbas, Allah Ya ƙara masa yarda, ya ce masa da sana'ar hannunsa yake ci, kuma surori yake yi. Ɗan Abbas ya gaya masa abin da ya ji daga Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, cewa duk wanda ya yi sura Allah zai azabta shi har sai ya busa mata rai, kuma ba zai taɓa iyawa ba. Mutumin ya firgita, fuskarsa ta sauya. Sai Ɗan Abbas ya ce masa in dai ba makawa sai ya yi, to ya yi bishiyoyi da duk abin da ba shi da rai. Wannan yana cikin Buhari da Muslim. Ka lura, bai ce masa ya bar sana'a ba, hanya ya nuna masa. Har hadisin mala'ikun nan, a wata riwaya ta Buhari an biyo shi da bayanin cewa surorin masu rai ake nufi. An ruwaito cewa Mujahid, ɗaya daga malaman tabi'ai, ya ƙyamaci zana itace mai 'ya'ya, amma Alƙali Iyal ya ce ba wanda ya faɗi haka sai shi. To idan itace, wanda halittar Allah ne kai tsaye, an yarda a suranta shi, ina ga jirgi da 'yan Adam suka ƙera da ƙarfe da katako da ƙyalle? Wanda ya kwaikwayi jirgi, aikin injiniya ya kwaikwaya. Ba a bauta wa jirgi, ba kuma wanda za a ce wa ranar gobe ya busa masa rai.

Kasancewarsa na yaƙi bai sauya komai ba. Wannan jirgi ma ba baƙo ba ne a sararin ƙasarmu. Daga watan Satumba na 1940, da hanyar tekun Bahar Rum ta yi wa Ingila wuya, sai ta riƙa kawo jirage a cikin akwatuna zuwa Takoradi a ƙasar Gana ta yanzu, a harhaɗa su a can, su taso ta Ikko, su sauka a Kano, su wuce Maiduguri da Sudan har Masar. Dubban jirage ne suka bi wannan hanya, kuma Hurricane na cikin na farko. Wataƙila ma kakanninku sun ji rugugin injinsa suna gona. Saboda haka wanda ya ƙera shi don ya san tarihi da yadda fiffike yake ɗaukar nauyi, ba abin zargi a kansa. Niyya ce kawai za a kiyaye: kada ya zama girmama zalunci ko sha'awar zubar da jini. Tambarin jiragen Ingila kuwa da'irori ne na shuɗi da fari da ja, alamar gane juna a sama, babu addini a ciki.

Sai ɗan matuƙi. Nan ne maganar baffanku take da gurbi, domin wannan mutum-mutumi ne mai jiki. Idan aka sassaƙa shi cikakke, da kai da fuska da gangar jiki da ƙafafu, aka ajiye don ado, haramun ne, kuma ban san saɓani mai ƙarfi a kan haka ba. Ƙanƙantarsa ba ta fitar da shi. Wani zai ce ai Nana A'isha ta yi wasa da 'yar tsana a gidan Annabi, har tana da doki mai fukafukai biyu na ƙyalle, Annabi ya gani ya yi dariya, kamar yadda Abu Dawud ya ruwaito. Gaskiya ne, kuma sahabbai mata suna yi wa yara abin wasa da ulu don su ɗauke musu hankali a azumin Ashura. Amma wannan rangwame na ƙananan yara ne da abin da ake wasa da shi a ƙasa, ana ja ana jefarwa. Ƙanenka ya balaga, kuma abin da yake yi na ɗorawa a kan tebur ne a riƙa kallo.

In an yi shi rabi, wato daga ƙugu zuwa sama, tunda ƙafafun ba sa ganuwa a cikin jirgi, to bisa ƙa'idar Malikiyya ya fita daga haramci, don mutum ba ya rayuwa a haka. Amma wasu malamai sun ce kai shi ne sura, muddin kai na nan hukunci na nan, suna kafa hujja da umarnin Mala'ika Jibrilu cewa a yanke kan mutum-mutumin da yake ƙofar ɗakin Annabi har ya zama kamar itace. Hujjarsu tana da nauyi, ni ita na fi natsuwa da ita. Abin da na zaɓa masa shi ne ya bar kujerar wayam. Ba zai yi asarar komai ba, jirgin da yake tsaye a fili da tayoyinsa a ƙasa dama ba kowa a cikinsa. Wahalar da zai sha a kan hanci da ido, ya mai da ita kan kujera da sandar tuƙi da agogunan gaban matuƙi. Kuma tunda fiffiken Hurricane daga tsini zuwa tsini mita 12 ne da 'yan kai, in ya rage shi zuwa kashi ɗaya cikin 48 zai samu kusan santimita 25. A wannan girma ɗan matuƙin bai wuce gaɓar yatsa ba, da wuya ma ya yi kyau da reza da totuwa. Bayan jirgin na ainihi ƙyalle ne aka ɗame a kan siraran sanduna, shi ya sa ake ganin layi-layi a jikinsa. Wanda ya fitar da wannan da tsiraran ɓawon kara, shi ne gwani.

Bakin kifi ya fi sauƙi. Zane ne na fenti, ba shi da jiki, kuma baki ne da ido kawai ba cikakkiyar dabba ba. Ba na cewa haramun ne. Iyakarsa barin sa ya fi. Dama an fi sanin sa da wani jirgin daban, P-40 ƙirar Amurka, wanda wata rundunar sojan saman Ingila ta yi wa wannan ado a Arewacin Afirka a 1941.

Na Jamus kuwa, ya ƙera jirgin, Messerschmitt ne ko wani, amma tambarin ya bar shi. Alamomi biyu ne. Akwai baƙin gicciye mai farin gefe a fukafukai da jiki. Buhari ya ruwaito daga Nana A'isha cewa Annabi ba ya barin wani abu mai gicciye a gidansa face ya warware shi. Ba kowane layi biyu da suka gitta ne ake nufi ba, in ba haka ba da alamar tarawa a lissafi ta hana ka koyarwa. Amma wannan na sojan Jamus asalinsa yana komawa ga gicciyen wata ƙungiyar mayaƙan Kirista ta zamanin da, don haka nisantarsa ya fi dacewa. Ta biyun ita ce alamar jam'iyyar Hitila mai lanƙwasassun hannuwa da ake sa wa a wutsiya. Wannan tutar aƙidar fifita jinsi ce, wadda aka hallaka miliyoyin mutane a ƙarƙashinta, kuma baƙar fata irinmu a ƙasan ma'auninta muke. Jamus kanta a yau ta hana baje ta a bainar jama'a, har kamfanonin da suke sayar da irin waɗannan ƙananan jirage a can sukan cire ta. Musulmi a ƙasar Ringim ba shi da dalilin zana ta da hannunsa. Launin jirgin da lambobinsa sun isa a gane shi.

Kuɗin da mai shago zai biya halas ne, ladan aikin hannu ne, matuƙar babu mutum-mutumin da tambarin. Ya faɗa masa gaskiya cewa kwali ne, ruwa da raɓa suna lalata shi. Kai kuma da kake yayansa, ka sa ido a kan abu biyu. Kada aikin ya cinye salla a jam'i, ko karatu, ko taimakon gona. Sannan gam, musamman sholisho da fenti mai ƙarfin wari: a yi aiki da su a zaure ko a inuwar bishiya inda iska take kaɗawa, a kulle su daga ƙananan yara, don mun ga abin da shaƙar sholisho ta yi wa samari.

Baffanku kuwa, kada ku kai masa wannan amsa kamar wanda ya ci shari'a. Kishin tauhidi ne ya sa shi magana, kuma a kan matuƙin da gaskiyarsa. Ka je da kanka bayan la'asar, ka gaishe shi, ka karanta masa labarin Ɗan Abbas da mai surori, ka nuna masa jirgin ya leƙa ya ga ba kowa a ciki. In ya gamsu, alhamdu lillahi. In bai gamsu ba kuma a gidansa kuke zaune, to ku ɗauke jirgin ku kai makarantar da kake koyarwa, ɗalibai su koyi awo da shi. Ajiye shi a ɗaki halas ne kawai, kiyaye zuciyar baffa kuwa zumunci ne da aka yi umarni da shi.

Wallahu a'alamu.