Wane ƙwaron bogi zan ɗaura wa ƙugiya a Yauri?

Malam, ka ce ɗan'uwanka ya aiko maka da sandar fatsa irin ta Turawa da akwatin ƙwarin bogi, waɗanda ake naɗa gashin tsuntsu a jikin ƙugiya, kana tambaya wanne za ka ɗaura a kogin Neja.

Kafin ka buɗe akwatin, tsuguna bakin ruwa ka ga abin da kifi ke ci a ranar. In farkon damina ne, shinge na faɗawa ruwa da yamma, ɗauko ƙarami mai yawo a saman ruwa, mai launin ƙasa-ƙasa. Kifin kawara ba ya ƙyale shi. Lambar ƙugiya kuwa a juye take: 12 ta fi 6 ƙanƙanta. Ni girma nake fara dubawa, launi daga baya.

Kifin tsage dabam ne. Ƙananan kifi yake farauta, don haka ba shi dogo mai nitsewa, fari da ɗan ƙyalli, ka riƙa fizgarsa da sauri. Amma don Allah sa guntuwar waya tsakanin zare da ƙugiya. Haƙoransa sun raba ni da ƙwari uku a safiya guda kafin na yi hankali.

Ruwa ya yi jawur bayan ambaliya? Koma baƙi, shi kifi ya fi gani.