Olsa da azumin kwana 40

'Yar'uwa, kin tambaya ko azuminki zai karɓu tunda olsa ta hana ki zama da yunwa. Kwantar da hankalinki, Ikilisiyar Katolika ba ta ɗora wa mara lafiya azumi ba. Masu lafiya ma ranakun dole 2 ne, Larabar Toka (ranar fara azumin kwana 40 na kafin Ista) da Juma'ar da aka gicciye Yesu, sai barin nama duk Juma'a.

Buɗe littafin Ishaya sura 58 a Littafi Mai Tsarki, azumin da Allah ya zaɓa ya haɗa da raba abincinki da mayunwaci. Sha kokonki da maganinki da safe, ki auna mudun masara ki kai wa gwauruwar unguwarku. In akwai wadda kuke gaba da ita, don Allah je ki gaishe ta kafin Ista.