Tsohon keken Peugeot da kayan zamani: me zai shiga, me zai ƙi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na sayi tsohon keken tsere ƙirar Peugeot a wurin masu sayar da kekunan gwanjo da ake shigowa da su daga Turai. Firam ɗinsa na ƙarfe ne, giyarsa goma, biyar a baya biyu a gaba, libar giya kuma tana jikin firam. Ina so in kwashe kayan jikinsa in sa na zamani, irin waɗanda ake canja giya daga hannun birki. Mai gyaran keken unguwarmu ya ce in dai kawo kaya, duk abin da ya ƙi shiga za a buga shi ya shiga. Shin aikin zai yiwu? Da me zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam. Aikin zai yiwu, kuma idan an yi shi da natsuwa za ka samu keken da ya fi sababbi da yawa daɗin hawa. Amma ka riƙe kuɗinka tukuna, kada ka sayi ko noti ɗaya sai ka auna firam ɗin. Maganar a buga ya shiga kuwa, kada ka yarda da ita ko kaɗan. A kan keken Faransa na wancan zamani, guduma ce ke kashe firam.

Ga dalili. Peugeot ta fara ƙera keke tun 1882, kafin ma ta fara mota, kuma har zuwa farkon shekarun 1980 masu ƙera keke a Faransa suna da nasu ma'aunin da ya saɓa wa na Ingila, wanda shi ne duniya ta ɗauka daga baya. Bambancin ƙanƙane ne, ido ba ya ganinsa, shi ya sa yake yaudarar masu gyara. Keke mai giya biyar a baya kamar naka, akwai kyakkyawan zaton ma'aunin Faransa ne a jikinsa daga sama har ƙasa.

Kafin awo, duba ko firam ɗin ya cancanci wahalar. Shafa yatsanka a ƙarƙashin bututun sama da na ƙasa, dab da wuyan keken. In ka ji tudu ko ka ga fenti ya tattare a wurin, keken ya taɓa yin karo ta gaba, ƙarfen ya lanƙwashe, to ka haƙura da shi. Cire sandar sirdi, ka haska tocila cikin bututun. Jan tsatsa sama-sama ba komai ba ne, amma in ka juya firam ka ji ɓarɓashi yana zuba, ko ka ga ƙananan huji a bututun da ke kusa da sarƙa, ruwa ya daɗe a ciki. Sai ka nemi tambari a jikin bututun sirdi. In ka ga Reynolds 531, ka dace. Bututu ne da kamfanin Reynolds na Birmingham ya fito da shi a 1935, shi ake sa wa manyan kekunan Peugeot irin PX-10, kuma a kan keken Peugeot ne Bernard Thévenet ya ci gasar Tour de France a 1975 da 1977. In kuwa Carbolite 103 ka gani, na talakawa ne, ya fi nauyi. Zai yi maka aiki shekara da shekaru, sai dai ban ga hikimar zuba masa kayan da suka ninka kuɗinsa sau da yawa ba.

Wurin da ya fi ba da wahala shi ne gidan feda, wato ramin da ke ƙasan firam inda sandar feda ke ratsawa tana juyawa a kan boris. Tiredin Ingila inci 1.37 ne, da zare 24 a kowane inci, kuma ɓangaren sarƙa hagu ake ɗaure shi. Na Italiya milimita 36 ne, gidan kuma ya fi faɗi, 70 maimakon 68. Na Faransa milimita 35 ne, tazarar zarensa milimita ɗaya, duk ɓangarorin biyu dama ake ɗaure su. Inci 1.37 bai kai milimita 35 ba da ɗan kaɗan, saboda haka kofin Ingila, wato murfin da ake murzawa cikin ramin ya riƙe boris, yakan shiga ramin Faransa lami lafiya, zagaye ɗaya, zagaye biyu, sannan ya cije. A nan ne mai gyara yake ɗauko babban sufana ya ƙara masa bututu ya danna da ƙarfinsa. Kofin zai shiga, amma tiredin firam ya tafi ke nan. Goge tsohon kofin da tsumma da kananzir ka karanta abin da aka buga a fuskarsa: 35 x 1 na Faransa ne, 1.37 x 24 na Ingila.

In na Ingila ne, hanya a buɗe take, kusan kowane kurank na zamani, wato hannayen da feda ke ɗaure a kansu tare da faifan haƙoran sarƙa, zai zauna, har irin na Shimano mai boris a waje da ake kira Hollowtech II. In na Faransa ne, Shimano ba ta yin wannan da tiredinsa. Abin da ya fi sauƙi, in tsofaffin kofunan ba su ci ba, ka bar su a wurinsu, ka sa sababbin boris da giris, ka nemi kurank mai rami kusurwa huɗu da zai hau sandar. Akwai ƙananan kamfanoni irin Velo Orange na Amurka da har yanzu suke yin gidan feda mai tiredin Faransa, akwai kuma wanda ba ya buƙatar tiredi sam, yana matse kansa ne daga gefe biyu, shi ne maganin firam ɗin da aka riga aka ɓata. Masu tsohon Raleigh ma su yi hattara a nan: kekunan da aka yi a Nottingham na ƙananan aji suna da nasu tiredin mai zare 26, wanda shi ma yake karɓar kofin zamani ya cije a hanya.

Sauya kurank ɗin yana da amfani sosai. Na da yawanci haƙora 52 da 42 ne, an yi shi don ƙafar ɗan tsere. Na yanzu mai 50 da 34 zai hau da kai tudu ba tare da ka miƙe tsaye ba. Zai kuma raba ka da wata matsalar, domin ramin feda na tsohon kurank ɗin Faransa ya fi na yau ƙanƙanta kaɗan, fedar kasuwa ba ta shigarsa daidai.

Sai baya, inda ƙafar keke ke shiga tsakanin ƙugiyoyi biyu na firam. Cire ƙafar ka sa ruler tsakaninsu daga ciki. Keke mai giya biyar a baya milimita 120 ne, mai shida ko bakwai 126, ƙafar zamani mai giya 8 zuwa 11 kuwa 130 take buƙata. Alherin ƙarfe a nan yake: ana iya buɗa shi ya zauna, abin da ba a yi wa alminiyam ko kabon. Ana samun dogon bolt mai tiredi daga kai har gindi, a ratsa shi tsakanin ƙugiyoyin da noti biyu da washa biyu daga ciki, a riƙa juya notin a hankali. Ƙarfe yana komawa baya in an sake shi, don haka dole a wuce 130 sosai, a kwance, a auna, a sake. Kaɗan-kaɗan ake yi, kada a nemi gamawa a karo ɗaya. Daga nan a ɗaura zare a ƙugiyar dama, a zagaya da shi ta gaban wuyan keke, a dawo da shi ƙugiyar hagu, a ja ya miƙe. Auna tazarar zaren da bututun sirdi ta kowane gefe. In gefe ɗaya ya fi, ɓangare ɗaya ne ya buɗe fiye da ɗan'uwansa, keken zai riƙa tafiya a karkace, sai a gyara wannan gefen shi kaɗai. A ƙarshe a daidaita fuskokin ƙugiyoyin su kalli juna sosai, in ba haka ba sandar ƙafa za ta riƙa lanƙwashewa duk lokacin da aka ɗaure. Firam mai tambarin Reynolds 753 kaɗai zan ce a ƙyale, an gasa ƙarfensa ya yi tauri, ba ya karɓar wannan aiki.

Tunda kana wurin, duba kunnen da na'urar sauya giya ta baya ke rataya. Peugeot da yawa suna da ƙugiyar kamfanin Simplex, ramin kunnenta ba tiredi, kuma ba ta da ɗan tudun da na'urar zamani ke jingina a kai. Mai injin juya ƙarfe zai iya yanka mata tiredi na milimita 10, a goga mata tudun da fayil. In babu kunnen gaba ɗaya, akwai ɗan ƙarfen da ake ɗaurawa tare da ƙafa ya zama kunne.

Yanzu giya nawa? Shawarata 8 ko 9, irin Claris ko Sora na Shimano. Na san ido yana kan 11, amma sarƙarta siririya ce, ta fi tsada, ta fi wuyar samu a kasuwanninmu, kuma ƙurar hunturu in ta haɗu da mai tana cinye ta da wuri. Sarƙar giya 8 kuwa kusan duk mai kayan keke yana da ita. Ka tabbata hannun giya da na'urar baya da kaset, wato jerin faifan haƙoran da ke ƙafar baya, duk na gida ɗaya ne kuma na adadi ɗaya, domin kowane hannu yana jan waya gwargwadon da aka tsara masa. Shimano ce ta haɗa libar giya da hannun birki a 1990, Campagnolo ta biyo baya a 1992, kuma kayan kamfanonin biyu ba sa jituwa da juna. Inda tsohuwar libar take a jikin firam, nan ake ɗaura maƙalin da wayar giya ke tsayawa. Bututun Faransa milimita 28 ne, na sauran 28.6, to duk abin da zai rungume shi sai an sa masa ɗan siririn gwangwani daga ciki ya kama. In kuɗi bai kai ga hannun zamani ba, tsohuwar libar za ta ja giya 8 ba gardama, kunnenka ne zai gaya maka sarƙa ta zauna.

Ƙafafu su ne inda kuɗinka zai fi nuna kansa. In rim ɗinka na ƙarfe ne mai ƙyalli, ka san da damina birki ba ya kama shi. Rim na alminiyam ya fi sauƙi, ya fi tsayawa. Karanta lambar da ke jikin tayar: 622 ita ce 700C ta yau, 630 kuma ita ce inci 27 da aka saba gani a kekunan Ingila da Japan da waɗanda aka kai Amurka. In za ka sauka daga 630 zuwa 622, robar birki za ta buƙaci sauka milimita 4. Auna daga bolt ɗin birki zuwa tsakiyar gefen rim kafin ka saya, domin birkin tsere na yau gajere ne, milimita 39 zuwa 49 yake kaiwa, tsofaffin firam kuwa sukan buƙaci mai dogon hannu irin Tektro R559 da ke kai 73. In birkin Mafac ne a jikin naka, kada ka yi saurin jefar da shi. Sabuwar roba da sabuwar waya kawai yake nema, kuma yana barin wuri ga taya mai faɗi. Sa mafi faɗin da firam zai ɗauka, milimita 28 ko fiye in ta shiga, hanyoyinmu ba sa raga wa siririyar taya.

Birkin faifai kuwa ka cire shi daga ranka. Fok ɗin, wato ƙarfen da ke riƙe ƙafar gaba, ba a yi shi don ɗaukar wannan ƙarfi a ƙasansa ba, kuma bututun nan kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba a tsakiya, da narkakkiyar tagulla aka haɗa gaɓoɓinsa. Waldar lantarki ta bakin titi huda shi za ta yi. Haka in sandar sirdi ta maƙale, kada a hura mata wuta. A jiƙa ta da mai na kwanaki, a kama kanta a bais, a juya firam ɗin da hannu.

A gaba, sandar kai, wadda ke riƙe kan keke ta shiga bututun fok, ta Faransa milimita 22.0 ce, ta sauran duniya 22.2. Wannan mai sauƙi ne: a naɗe sanfefa a jikin sabuwar sandar alminiyam, a riƙa murzawa ana gwadawa har ta zame cikin bututun fok da giris. Kada a taɓa bututun fok ɗin kansa. Boris ɗin wuya kuma a wanke na asali a mayar, tunda na zamani ba zai hau tiredinsa ba. Ka canja kan keken da sandarsa in sun tsufa ƙwarai, alminiyam mai shekara arba'in yakan tsage ba gargaɗi, kuma wurin nan ne duk nauyinka yake in kana gangara. Sandar sirdi ma lambarta tana buge a ƙasanta, ka sayi daidai ita, ko da bambancin milimita 0.2 ne kada ka karɓa.

Kayan da ka kwance, wanke su ka zuba a kwali, kada ka bayar a kilo. In keken PX-10 ne, masu nemansa da kayansa na asali suna nan. A garin Gaiole da ke Italiya ana yin hawan L'Eroica tun 1997, inda ƙa'idar ita ce keke ya kasance na 1987 ko kafin haka, ko mai irin ƙirarsu, da liba a jikin firam. Saboda haka kada a yanke ko a goge wani abu daga firam ɗin da ba za a iya mayarwa ba. Kafin a haɗa, zuba ɗan mai cikin kowane bututu ka jujjuya shi ya shafe ciki, ka bar shi ya tsane kwana ɗaya, sannan a fara ɗaura kaya daga gidan feda.